Ba Komai Ɗin Memuna

Akwatia Line, Kumasi
Ranar Laraba

Zuwa ga ɗana Ɗanlami,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare min kai a hanya da wurin aikinka, Ya sa ƙaurar da za ku yi zuwa unguwar Oforikrom ranar Asabar ta zama ta alheri gare ka da matarka Memuna da abin da ke cikinta.

Na san za ka yi dariya in ƙanwarka ta miƙa maka wannan, tunda ƙofar ɗakinka da tawa suna kallon juna a tsakar gida ɗaya. To ka yi dariyarka ka gama, sannan ka zauna ka karanta. Duk lokacin da na ɗauko maka magana mai nauyi sai ka ce, “Mma, kin cika tsoro,” ka ja ni da wasa har in manta inda na nufa. Shi ya sa na zaɓi takarda, don ita ba ka da yadda za ka katse ta.

Ran Lahadi ka nuna min hoton wani sabon inji a wayarka, na cika harsashi, wanda ka ce abokinka zai taho maka da shi. Ka ce tsohon na mahaifinku ya gaji, yana cin lokaci, wannan kuwa aikin yini yake yi kafin shayi ya huce. Na tambaye ka ina za ka kafa shi, ka ce a falon sabon gidan, gindin taga, inda haske yake. Gidan nan ciki da falo ne, na je na gan shi da idona. Na ce, “Memuna fa?” Ka ce, “Ai na tambaye ta, ta ce ba komai.” Tun daga ranar kalmar nan take min yawo a kai, domin na san ta fiye da yadda ka san ta. Ni na fi kowa faɗinta a gidan nan, kuma zan gaya maka abin da ta jawo mana.

Lokacin da aka kawo ni gidan Malam, mahaifinku, Allah Ya jiƙansa, ɗaki ɗaya muke da shi a wannan gida, wanda yanzu ake ajiye buhunan gawayi a ciki. Dillancin shanu ne sana'arsa, farauta kuma abin da ransa yake so. Yana da bindigarsa mai baki ɗaya da lasisinta, in ya samu sarari ya bi abokansa wajen Ejura su kwana biyu a daji. Harsashi yana da tsada, shi ya sa ba ya yar da kwanso in ya harba, tattarowa yake yi ya dawo gida ya sake cikawa. A wancan lokacin duk kayan aikinsa a wata 'yar jakar fata suke, rataye a ƙusa. Wata rana ya ce min, “Adiza, in ɗan aje akwatin nan a lungun bayan ƙofa?” Lungun nan a nan nake shimfiɗa tabarmar sallata, shi ne kaɗai wurin da mai shigowa ba ya ganina. Raina bai so ba ko kaɗan. Na sunkuyar da kai na ce, “Ba komai.”

Kuskurena na farko ke nan. Haka aka tarbiyyantar da mu, amarya ba ta cewa a'a, kuma na ɗauka ladabi nake yi. Ashe hana shi sanin gaskiya na yi, ya tafi yana ganin ya yi shawara da iyalinsa, alhali ba a yi shawarar komai ba. Don haka ka sani, Ɗanlami, yarinyar da ba ta cika shekara a gidan miji ba, in ta ce maka ba komai, kunya ce ta amsa maka, ita ba ta amsa ba tukuna. Ku maza kuma, Allah Ya shirye ku, kunnenku yana da kaifi wajen jin abin da kuke so. Na tabbata a tsaye ka tambaye ta, takalmi a ƙafa, waya a hannu, ka ji amsar kana bakin ƙofa. Labarin zuciya a tambayi fuska, kai kuwa ko fuskar ba ka tsaya ka duba ba.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, don shi ba kunya ba ce ta sa ni, kwaɗayi ne da son a sani. Bayan an haifi yayarka, wani abokin Malam ya zo masa da labarin inji na ƙarfe mai hannu, wannan dai da kake cewa ya gaji. Malam ya yi ta jan ƙafa, yana cewa ina za a sa shi a ɗakin nan. Ni ce na zuga shi. Duk dawowarsa daga daji ina raba naman gada da zabi a kwanuka ina aikawa maƙwabta, mata suna ce min matar maharbi, ina jin kaina yana kumbura. Na lissafa a raina cewa in harsashi ya yawaita nama zai yawaita. Na ce masa, “Malam, ka saya mana, wuri ai ba ya gagara.”

Injin ya zo, sai ga shi ba ya zama a ƙasa, dole sai an ɗaure shi da ƙusoshi a kan tebur mai nauyi. Kafinta ya yi tebur, aka kafa shi gindin taga. Tebur ya buƙaci kujera. Bayan kujera sai kabad mai kwaɗo na ajiye albarushi, sai kwalin kwanso a ƙarƙashin gado, sai buhun ƙwayoyin dalma wanda ko ɗaga shi ba na iya yi in zan yi shara. Kafin damina biyu na wayi gari ina ratsawa a karkace a cikin ɗakin aurena, kamar baƙuwar da ta zo kwana ɗaya. Kowane abu a cikinsu sai da aka tambaye ni, kuma kowane na ce ba komai.

Ka riƙe wannan da kyau: inji ba ya zuwa shi kaɗai, da danginsa yake zuwa. Ka auna gindin tagar nan da igiya ka ce zai shiga, na gan ka. Injin ka auna, ba ka auna abin da zai biyo shi ba. Kuma akwai abin da ban ji ka ambata ba. Wanda yake aikin yini cikin ɗan lokaci, cinsa ma haka yake. Tsohon yana cin albarushi kaɗan kaɗan, shi ya sa kaɗan ake ajiyewa. Sabon zai sa ka tara shi da yawa, don ba za ka kafa inji irin wannan ka bar shi yana hamma ba. To wannan tarin a ina zai kwana? A bayan bangon da matarka za ta jingina kan jaririnta.

Ka san sana'ata tun ba ka san kanka ba, turaren wuta nake haɗawa ina kaiwa kasuwar Kejetia. A wancan zamani a ƙofar ɗakin nake soya itacen da sukari a kan kurfoti na gawayi, in zuba turaruka, in shanya, in ɗura a kwalabe masu jan murfi. Wato wuta a bakin ƙofa, albarushi a bayan ƙofa, ni a tsakiya da goyo. Akwai wata maƙwabciyarmu Ba'asantiya, Maame Yaa, mai sayar da gasasshiyar ayaba, ba za ka tuna ta ba. Hausarta a karye take amma ba ta ɓoye abin da ke ranta. Wata rana ta tsaya a kaina ina fifita gawayi, ta leƙa ɗakin ta ga teburin, ta ce, “Ei, Adiza! Wuta nan, maganin bindiga nan. Kai ba ya jin tsoro?”

Na ce mata, “Maame, Allah ne mai tsarewa.”

Ta ce, “Yoo. Amma Nyame ɗin ya ba kai ido biyu.” Haka suke kiran Allah da yarensu.

Na ji haushi ƙwarai. Na ce a raina wace ce ita da za ta koya min tawakkali, na daina aika mata nama har na wani lokaci. Wannan ma kuskure ne, kuma har yau in na tuna ina neman gafara, don na ɗauki sunan Allah na toshe bakin mai yi min nasiha da shi. Ba tawakkali ba ne ya yi magana a bakina ranar, girman kai ne. Ina jin ka kai ma kana yawan cewa “Allah na nan” in an yi maka maganar hatsari, ko a kan babur ko a kan bindiga. Allah na nan, babu shakka, kuma Shi ne Ya ce tashi in taimake ka. In wani ya ja maka kunne a sabon gidan, ko ba addininku ɗaya ba, ko yaro ne, ka dubi maganar ka bar duban mai maganar.

Yanzu zan zo kan abin da ban taɓa gaya maka ba. Ina roƙonka ka karanta shi a zaune.

Ka san daminar Kumasi, komai sai ya yi sanyi, har gishiri narkewa yake yi a kwano. A shekarar da aka haife ka ruwa ya yi yawa, damshi ya shiga albarushin Malam a mazubinsa. Ya je daji, gada ta tsaya masa a gaba, bindiga ta ƙi tashi, abokansa suka yi ta yi masa tsiya har gida. Ya dawo ransa a ɓace, ya ƙi cin tuwo. Ni da son in gyara, na ce masa, “Malam, kwalaben turarena fa? Murfinsu yana kamawa gam, ko ƙamshi ba ya fita.” Da hannuna na zaɓi ɗaya, na wanke, na shanya ta a rana, na miƙa masa. Ya juye a ciki, ya ce bari ya nemo fenti ya yi mata alama. Na ce, “Haba Malam, ni da kwalabena? Ko a duhu na san su. Ba komai.” Ya sa ta a kabad ya kulle, kuma kullum yana kullewa, wannan shaidar zan ba shi har gaban Allah.

Wata Juma'a da safe ya zauna yana aikinsa a teburin, sai aka aiko a guje cewa motar shanu ta iso daga arewa, masu kaya suna nemansa. Ya tashi da sauri, ya rufe kwalbar, ya ɗora ta a bakin taga da niyyar ya sa takalmi ya kulle ta, ya fita bai kulle ba. A bakin tagar nan akwai nawa kwalaben guda uku ko huɗu. Na share ɗaki kamar kowace Juma'a, kana bayana a goye, na ɗebo garwashi a kasko na shigo da shi. Mura nake yi, hancina a toshe. Turaren da nake haɗawa a lokacin baƙi ne mai laushi. Na miƙa hannu na ɗauki kwalba ina magana da yayarka da ke tsakar gida, na buɗe, na ɗebo da yatsu. Kai kuma ka kama ɗankwalina kana ja, sai na rufe kwalbar na tura ta can ƙarshen tebur don in samu hannun gyara shi. Wannan jan ɗankwalin Allah Ya sa ya zama sanadin da muke raye. Na ji abin daban a yatsuna, wallahi na ji, amma hannu ya riga hankali, na watsa a kan garwashin.

Ban ji ƙara mai yawa ba, wani fuuu na ji, sai haske ya cika min ido. Hannuna na dama ya kama, girata ta ƙone, labulen taga ya ɗauki wuta, harshenta ya zagayo ta kafaɗata ya same ka. Ihunka har yau yana kunnena. Na tsaya ina juyi a tsakiyar ɗaki, na rasa ƙofa, kwalbar tana can ƙarshen tebur labule yana ci a samanta. Maame Yaa ce ta faɗo ɗakin, ta fizge labulen da hannunta ta jefar tsakar gida, ta kwance ka daga bayana, ta tsoma hannuna a bokitin ruwa tana yi min sannu da yarensu, “Kafra, kafra, Adiza, yaro yana nan, bai mutu ba.” Matar da na hana nama ke nan, ita ma tafin hannunta sai da ya tashi.

Tabon da ke bayan kunnenka na hagu, inda gashi ba ya fita, wanda wanzami yake tambayarka kullum, ba man suya ba ne kamar yadda na gaya maka. Hannuna ma ba sukarin turare ba ne. Albarushin mahaifinku ne, a cikin kwalbata, da hannuna.

Ka lura, babu mugu a cikin labarin nan. Malam mutum ne mai tsari, ya fi ka tsari nesa ba kusa ba, kai da har yau ake tsinto maka makullin babur a cikin kwandon wanki. Shekaru yana kullewa, safiya ɗaya ce bai kulle ba. Na san za ka ce min yanzu zamani ya canja, kowane abu yana zuwa a mazubinsa da rubutu a jiki, kuma Memuna ba ta haɗa turare. Ban musa ba. Tsautsayinku ba zai biyo ta ƙofar da namu ya biyo ba, tasa zai nema. Amma na ga inda Memuna za ta riƙa girki, a baranda ne, ƙarƙashin tagar nan da ka zaɓa. Na ga 'ya'yan masu haya suna wasa da ashana a bakin famfo. Kuma yaro in ya fara rarrafe duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa, ƙwayar dalma kuwa in ta faɗi ƙasa ta gangara, tsintsiya ba ta gama samo ta.

Kuskurena na gaba shi ne ƙaryar da na yi. A asibiti suka tambaye ni, na ce suyar turare ce ta fallatso. Na roƙi Maame Yaa ta rufa mana asiri, ta rufa har ta koma garinsu. Na yi haka don kada Malam ya shiga matsala, kada kuma a ce a Zongo maharbi ya ƙona iyalinsa. A makon da abin ya faru Malam ya kwashe komai, tebur da kabad da kwali, ya kai wani ɗakin bulo da ke bayan garken shanun amininsa Alhaji Seidu, can bayan gari, inda babu murhu babu yara. A can ka tashi kana binsa, a can ya koya maka aikin, kai kuma ka ɗauka ƙarancin wuri ne ya kai shi. Shi kunya ta hana shi gaya maka, ni kuma na riga na yi ƙarya ina tsoron warwarewa. Sai ka koyi sana'ar gaba ɗaya ba ka koyi tsoronta ba, ga shi shaidarta tana bayan kunnenka kana yawo da ita. Da na gaya maka tun kana yaro, da ko a mafarki ba za ka auna tagar falon matarka ba. Ka yafe min wannan. Kai kuma in Allah Ya raya maka 'ya'ya, kada ka ɓoye musu inda ka taɓa faɗuwa don su riƙa ganin girmanka, gara su san ramin su kauce masa.

Saura ɗaya, kuma shi ya fi yi min ciwo. Ranar da abin ya faru Malam ya dawo ya same mu a naɗe da bandeji. Namiji ne da ban taɓa ganin hawayensa ba, ya durƙusa a gaban gado yana kuka yana cewa in yafe masa. Ka san abin da na ce? Na juya fuskata bango na ce, “Ba komai.” Alhali zuciyata cike take da fushi, da shi da kaina. Na riƙe fushin nan shekara da shekaru. Ban taɓa yi masa rashin kunya ba, abincinsa bai taɓa makara ba, amma na daina cin naman dajinsa, na daina yi masa dariya irin ta da, shi kuma ya gani ya yi shiru. Sai a ciwonsa na ƙarshe, ina shafa masa man zafi a ƙafa, ya kama hannun nan nawa ya daɗe yana dubawa, ya ce, “Adiza, da kin ce min a'a sau ɗaya tun a lungun bayan ƙofa, wallahi da na ji.” Na san gaskiya ya faɗa, don shi mai ji ne. Na zauna da mutum mai jin magana tsawon rayuwa ban ba shi maganar da zai ji ba. Na yi kuka ranar, kuma ina kuka yanzu da nake rubuta maka.

To ga abin da nake so da kai. Ban hana ka farauta ba, gadonka ce, kuma ina jin daɗi in na gan ka ka saɓa bindigarsa, tafiyarku ma iri ɗaya ce. Ban hana ka sayen injin ba, guminka ne. Amma kafin ya iso ka je wurin hukuma da ƙafarka ka tambaya ko lasisinka ya ba ka damar wannan aikin da ajiye kayansa, kada ka tsaya ga fatawar abokanka na tasha, waɗanda kowannensu lauya ne in ana shan shayi. In sun ce a'a, ka haƙura ka sayi harsashinka a inda aka yarda a sayar. In sun ce e, ɗakin bayan garke yana nan. Da ka kwaso kayan bayan rasuwar Malam ka jibge su a ɗakinka na samari, na gani na yi shiru, shi ma laifina ne. Na aika wa 'ya'yan Alhaji Seidu, sun ce rufin ne kawai yake yoyo ta gefe ɗaya, makulli kuma yana hannun babbansu, duk ranar da ka je naka ne. Za ka ce da nisa. Nisan nan shi ne amfaninsa, mahaifinku bai taɓa kuka da shi ba.

Kuma ka tuna ba ku kaɗai ba ne a gidan can. Akwai masu haya a dama da hagu, bango ɗaya ya raba ku, rufi ɗaya ya haɗa ku. Ba su san abin da kake shirin shigowa da shi ba, ba wanda ya tambaye su, kuma suna da haƙƙi a kanka tun kafin ku gaisa. Mai gidan ma na tabbata ba ka gaya masa ba. Duk abin da sai ka lulluɓe shi da zani za ka shigar da shi gida, kai ma ka san bai kamata ya shiga ba.

Da na so in tsaya a nan, amma akwai abin da ya faru jiya da hantsi kana wurin aiki. Na shiga ɗakinku na samu Memuna tana naɗe kwanuka a tsumma tana jerawa a kwali. Na zauna ina taya ta, na ba ta labarin nan duka kamar yadda na ba ka, ita ce ta fara jinsa a duniya bayan Malam da Maame Yaa. Da na gama sai ta ajiye kwanon da ke hannunta. Ta ce, “Mma, tun ranar da ya nuna min hoton nan gabana yake faɗuwa. Har na yi tunanin in na haihu in roƙe ki ki bar ni a nan wurinki, in ƙi komawa.”

Na ce, “To me ya hana ki gaya masa?”

Ta ce, “Yana murna sosai, Mma. Ya ce abin babansa ne. Ni wace ce da zan shiga tsakaninsa da babansa?” Sai ta kama gefen zanina ta ce, “Don Allah kada ki gaya masa na faɗa.”

Yarinyar nan iyayenta suna can Bawku, ba ta da kowa a garin nan sai kai sai ni. Ta roƙe ni in rufe, ban yi mata alkawari ba, kuma ga shi na gaya maka. Na taɓa rufe irin wannan na ga inda ya kai ni, ba zan sake ba ko da za ta yi fushi da ni. Kada ka kuskura ka yi mata faɗa ko ka ɗaure mata fuska a kan ta yi magana da uwarka. In faɗa kake ji, ƙofata tana kallon taka, ka zo ka yi da ni.

Abin da za ka yi shi ne, kafin motar kaya ta zo ran Asabar, ka cire takalmi, ka kashe waya, ka zauna a ƙasa kusa da ita. Kada ka sake tambayarta, don in ka tambaya amsar farko za ta maimaita maka. Kai za ka fara gaya mata cewa injin ba zai kwana gida ɗaya da ita da ɗanta ba. Sannan ka yi shiru ka dubi fuskarta, za ka ga nauyin da matarka take ɗauke da shi a kan cikin wata bakwai, kana kwana kusa da ita ba ka sani ba.

Allah Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da wuta, Ya tsare mutane daga sharrin abin da ke hannunka. Allah Ya sauki Memuna lafiya, Ya sa in ɗauki jikana da hannun nan in yi masa wanka. Allah Ya sanya albarka a sabon ɗakinku, Ya haɗa ku da maƙwabta na gari masu faɗa muku gaskiya. Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe mana ni da shi. Na yafe maka duk abin da ka taɓa yi min, na sani da wanda ban sani ba, kai ma ka yafe min.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Mma Adiza